Tebur Ɗaya, Teloli Huɗu

Sai da ya ajiye aikin sito, furfura ta riga ta ci rabin kansa, sannan ya shiga jami'a. A aji kowa Baba yake ce masa, har da malamai. Darasin lissafi ya kayar da shi sau biyu, abin da ya ba matarsa dariya ƙwarai, tunda mutum ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana ƙirga kwalaye. Faɗuwar nan biyu ta cinye duk rarar shekarun da jami'a ke ba ɗalibi. Abu ɗaya ya rage masa: binciken zama cikin jama'a, wanda da shi ake rubuta kundin kammala digiri. In malamar da ke duba aikinsa ta je wurin da yake binciken, ta ga akwai abin rubutawa, ta sa hannu, ya wuce. In ba ta sa ba, babu maganar baɗi. Sai dai ya tattara littattafansa ya koma gida.

Malamar sa'ar 'yarsa ta biyu ce. Yana ce mata Dakta, tana ce masa Baba, kowa na jin nauyin kowa, amma wannan bai taɓa hana ta zuba masa jan biro a takarda ba.

"Wannan karon ba ƙirga za ku yi ba," ta gaya wa ajin. "Wuri za ku samu ku zauna. Ku zauna har mutane su gaji da ganinku, su mance kuna nan. Ku zama kamar kujerar ɗakin. Ku dubi abin da suke yi, ba abin da suke cewa suna yi kaɗai ba. In kun yi tambaya, ku ja bakinku ku yi shiru. Shirun zai dame su, su cika shi da magana."

Wani ɗalibi daga baya ya ce, "To ai Baba ya riga ya cinye wannan darasin. Ni sai a shekara ta biyu na san yana ajin nan."

Aka yi dariya. Baba ma ya murmusa, ya rubuta "kujera" a littafinsa, ya ja layi a ƙarƙashi.

'Yan ajin suka watsu, wasu asibiti, wasu tashar mota, wata ma har gidan yari ta nemi shiga. Baba kuwa wandonsa ya kai a sassauta masa ƙugu, a wani shagon teloli da ke lungu, bayan kantin magani. Ɗaki ne mai tsawo, ƙofa ɗaya, taga ɗaya a can ƙurya tana kallon bangon maƙwabta. Kekunan ɗinki huɗu, biyu a kowane gefe. Igiya a sama an rataye ɗinkin da aka gama, ƙyallaye a ƙasa kamar an yi ɓarin launi, ga fanka mai kuka fiye da iska. A tsakiya akwai teburin yanka guda ɗaya, mai faɗi, bakinsa ya sha almakashi, ƙafarsa ɗaya an tokare ta da ninkakken kwali.

Teloli huɗu ne, kuma babu wanda yake yaron wani. Mai shagon na asali ya daɗe da rasuwa, su kuma suka ci gaba da zama tare, kowa da kwastomominsa. Kowa sai ya yanka kafin ya ɗinka, teburin kuwa ba ya ɗaukar mutum biyu. Amma duk zaman da Baba ya yi yana jiran wandonsa, bai ji wani ya ce "ni ne yanzu" ba. Wannan ya naɗe yadinsa ya sauka, wancan ya miƙe da nasa, kamar an kira shi.

Da ya gaya wa Dakta, sai da ta cire biro daga baki.

"Ba shugaba, ba jadawali, ba rigima? Baba, ka yi babbar tsintuwa. Tsari ne da ba a furta shi. Je ka gano mini yadda yake aiki."

Ya koma ya nemi izini, kamar yadda aka koya musu, ya bayyana cewa duk wanda ba ya so a rubuta shi yana iya cewa a'a. Babban cikinsu, wani dattijo da ake kira Mai Tabarau, ya dube shi ta saman gilashi.

"Mu za a yi karatun digiri a kanmu? Lallai littattafai sun ƙare a duniya."

Mace ɗaya da ke cikinsu, mai ɗinkin yunifom na 'yan makaranta, wadda kowa ke ce wa Gwaggo, ta ce, "In dai rubutu ne, a fara rubuta cewa fankar nan za ta kashe mu."

Sauran biyun, Bahago mai ɗinkin kayan mata da Ɗan Kwalisa mai ɗinkin kwat, suka ce ba su da ta cewa. Aka ba shi wata 'yar kujera a ƙurya, kusa da dutsen guga, aka raɗa masa Ɗan Makaranta.

Da farko shagon ya koma kamar ana jiran baƙo. Ɗan Kwalisa ya dinga zuwa da taye ɗaure a wuya. Bahago ya daina zagin kekensa, sai dai ya yi masa tsaki a hankali. Baba ya rubuta duk wannan, ya ci gaba da zama. Sannu a hankali taye ya ɓace, zagi ya dawo har da ƙari. Gwaggo ta fara miƙa masa maɓallai ya ware mata farare daga shuɗaye, ba tare da ta ce don Allah ba. Rannan wata kwastoma ta shigo gwajin riga, ta ɗora masa jakarta a cinya ba ta ko dube shi ba, sai da za ta ɗauka ta ga jakar tana da gemu a sama, ta yi salati.

Ya koma gida yana jin daɗi, ya gaya wa matarsa cewa yau ya zama kujera.

Ta ce, "Malam, da ni ka tambaya ai da na ba ka shaidar wannan tun kafin ka biya kuɗin makaranta."

Amma tsarin teburin ya ƙi fitowa. Ya zaci shekaru ne, sai ya ga Ɗan Kwalisa ya riga Mai Tabarau hawa, kuma dattijon bai ko ɗaga kai ba. Ya zaci wanda ya riga zuwa shago ne, sai ga Bahago, wanda kullum shi ke zuwa ƙarshe, ya shigo ya zarce tebur kai tsaye. Ya zana shagon, ya ja kibiyoyi daga kowane keke zuwa tebur, har zanen ya koma kamar zare ya harɗe.

Dakta ta duba ta ce, "Idonka ya yi nasa. Saura kunne. Ka zauna da kowannensu shi kaɗai. Kada ka sa musu amsa a baki."

Mai Tabarau ya fara samu, a bencin ƙofar shago. Ya kunna rikoda ya ce, "Yaya ake sanin wanda zai hau tebur?" Ya yi shiru.

Dattijon ya jira sauran tambayar, bai ji ba. Ya gyara gilashi.

"Wannan har tambaya ce? Girma mana. Teburin nan, in ana maganar gaskiya, nawa ne duk lokacin da na so. Sun sani. Ni ne dai nake ɗaga musu ƙafa, don yara ne, suna da gaggawa. In ka ga wani ya hau, to ni na ƙyale shi."

Bahago a hanya aka yi da shi, za shi sayen zif.

"Wanda kwastomansa ya fi matsa masa, shi ke hawa. Kowa ya san haka. Ni mata nake wa ɗinki, Ɗan Makaranta. Ka taɓa ganin matar da aka ce ta zo da yamma ta zo da yamma? Shi ya sa suke tausaya mini. Shi tsohon can ma mutanensa ba sa zuwa karɓar kaya sai sun mance sun bayar."

Gwaggo ta bari sai da mazan suka fita cin abinci. Tana guga tana magana.

"Mai ƙaramin yanka shi ke fara hawa, ya gama ya ba wasu wuri. Nawa wandunan yara ne, ƙyas-ƙyas na gama. Da a ce hankalin mazan nan za a bi, da tuni an ba hammata iska. Ni ce nake lura, in ga wanda nasa kaɗan ne, in yi kamar ina neman allura har ya wuce. Aikina ke nan a shagon nan, da kwashe almakashin wancan shashashan da yake yarwa a kan tebur kullum."

Ɗan Kwalisa a gaban madubi ya ba da tasa amsar, yana gyara kwala.

"Alama ake sawa. In ina so in hau, sai in ajiye almakashina a kusurwar tebur, shi ke nan an san ni ne na gaba. Ni na kawo wannan tsarin, kuma kowa na bi. Wani lokaci ma har kawo mini almakashin ake yi kan kekena, wato an ce ga tebur nan, bismillah."

Baba ya kwana biyu yana kwafe maganganun daga rikoda zuwa takarda, har da tari da tsaki, don an ce kada a zubar da komai. Amsa huɗu, ba wadda ta gaisa da 'yar'uwarta. Nan ya tuna da wani abu da Dakta ta faɗa a aji: abin da mai bincike ya rubuta ba nasa ba ne shi kaɗai, sai ya mayar wa mutanen ya karanta musu, su ce haka ne ko ba haka ba, amma a ɓoye sunaye. Wannan ya yi masa daidai da abin da ya sani a sito. In takardar direba ta ce kaza, ta mai kawo kaya ta ce kaza, ba a bin kowa a ɓoye. Tara su ake yi a gaban kayan, a karanta kowa na ji.

Don haka rannan da la'asar, da aiki ya lafa, ya sayo lemo huɗu, ya roƙi a tsayar da kekuna.

"Na ɓoye sunan kowa," ya ce. "Ba wanda zai gane wanda ya faɗi me."

Ya gyara murya. "Tela na Ɗaya, wani dattijo mai sa gilashi, ya ce teburin nasa ne duk lokacin da ya so, kuma duk wanda ya hau, shi ya ƙyale shi, don yara ne."

"Yara?" in ji Bahago. "Ni da jika biyu?"

"Ba a ce kai ba," in ji Baba. "Kuma ba a san wanda ya faɗa ba. Tela na Biyu ya ce tausayinsa ake ji, kuma mutanen tsohon can ba sa zuwa karɓar kaya sai sun..."

"Ƙarasa," in ji Mai Tabarau a hankali. "Ƙarasa mana, Ɗan Makaranta. Sai sun me?"

Baba ya ƙarasa, don an hana mai bincike rage maganar mutane. Ya wuce da sauri. "Tela ta Uku, wata mace..."

"Oho!" in ji Ɗan Kwalisa, yana waige-waige. "Ko wace ce wannan? Allah ya sa mu gane ta."

Bai daɗe yana dariya ba. Da aka kai kan shashashan da ke yar da almakashi, sai ya ajiye lemon.

"Gwaggo, wato duk shekarun nan kwashe mini shi kike yi?"

"To da me nake yi?"

"Na zaci girmama ni ake yi!"

"Da almakashi? Kai wane ne, sarkin aski?"

"Alama ce! Kowa ya san alama ce!"

"Ni ban taɓa sani ba," in ji Bahago. "Na ɗauka mantuwa ce irin ta masu yawan kallon madubi."

Mai Tabarau ya cire gilashinsa ya goge, ya mayar. "Bari in gane. Wato ba wanda yake ɗaga mini ƙafa don girmana?"

"Yaya, ai kai ma ka ce kai kake ɗaga mana," in ji Gwaggo. "Ashe kowa a shagon nan sadaka yake ba sauran, ba mai karɓa."

Baba ya ɗaga biro ya tambaya, cikin ladabi, ko za su iya cewa abin da ya karanta daidai ne da abin da suka faɗa. Duka huɗun suka ce daidai ne. Shi ne abu na ƙarshe da suka yarda da shi tare.

Washegari Ɗan Kwalisa ya ajiye almakashi a kusurwar tebur da ƙara, yana kallon kowa. Gwaggo ta shimfiɗa wandon yaro a kansa. Bahago ya ce matar da yake wa ɗinki tana hanya, Mai Tabarau ya ce ko uwar matar ce take hanya, shi ne babba. Aka ja yadi, aka tura tebur, kwalin da ke tokare da ƙafarsa ya fice. Kashegarin wannan kuma sai abin ya juye: ba wanda ya hau. Kowa ya zauna da yadinsa a naɗe a cinya, yana jiran wani ya motsa don ya sami abin faɗa. Teburin ya wuni fayau. Bahago ya durƙusa a ƙasa yana yanka siket a kan siminti, yana nishi, yana ambaton gwiwarsa da sunayen da ba a rubutawa a kundin jami'a.

Baba yana ƙurya yana rubuta abin da yake gani. Abin da aka aiko shi ya duba yana mutuwa a gabansa, kuma zuwan Dakta ya ƙarato.

Gwaggo ce ta gaji. Ta juyo da kujerarta gaba ɗaya.

"Ɗan Makaranta. Kai ka kwance, kai za ka ɗaure. Wa zai hau?"

"Gwaggo, ni ba ni da baki a nan. Kallo kawai aka aiko ni."

"Da ka karanta mana takarda, da kunne ka karanta?"

Ya yi shiru, irin shirun da aka koya masa. Su ma suka yi shiru, su huɗu. Fanka kaɗai ke magana. Ba a taɓa gaya masa a aji abin da mutum zai yi ba in shirun ya juyo kansa. Ya dubi ƙasa, ya dubi rufi, idonsa ya sauka kan Bahago da ke durƙushe. Bahago ya tattara siket ɗinsa ya miƙe ya hau tebur, kuma ba wanda ya yi tari.

Daga ranar haka aka koma. Da an saki tebur, kawuna huɗu su juyo ƙurya. Wanda Baba ya duba ya miƙe. In ya fita kama ruwa, a jira shi. Aiki ya dawo yana tafiya, har ma Gwaggo ta ce ya fi na da sauri. Ɗan Kwalisa ya kawo masa matashi ya sa a kujerar.

A gida ya daina cin abinci sosai. Matarsa ta ce, "Ka gaya wa yarinyar nan gaskiya mana."

"Ta aike ni in dubo wurin da ba shugaba."

"To?"

"To yanzu akwai."

"Wa?"

Ya dube ta. Ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na girgiza. "Kai, Malam? Kai da ko tashar talabijin ba ka iya zaɓa a gidan nan?"

Ana gobe Dakta za ta zo, ya roƙi telolin alfarma ɗaya: kada kowa ya tambaye shi komai a gabanta, su yi kamar da.

"Kamar da wanne?" in ji Bahago. "Na tsoho, ko na Gwaggo, ko na mai almakashi?"

Mai Tabarau ya ce, "Kwantar da hankalinka. Ba za mu kunyata ka a gaban malamarka ba. Ko sunanka ba za mu kira ba."

Dakta ta zo da hantsi, da ƙaramar jaka da takardar da za ta sa wa hannu a ciki. Ta gaisa da kowa, ta ƙi karɓar kujerar Mai Tabarau, ta zauna a kan wani akwatin zare a bakin ƙofa. Ɗan Kwalisa, da tayensa, shi ke kan tebur. Ya yanka hannun kwat a tsanake, ya naɗe, ya sauka.

Ba wanda ya kira sunan kowa. Kawuna uku dai suka juya ƙurya a tare, na huɗun ya bi su bayan ya zauna. Baba ya kafa ido a kan takalminsa. Kekuna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Gumi ya gangaro masa bayan kunne, ya kai hannu ya share ta hagu. Gwaggo, wadda kekenta ke hagu, ta miƙe da yadinta.

Dakta ba ta rubuta komai ba. Ta bari har Gwaggo ta kusa gamawa, sannan ta ce, "Baba, don Allah ko za ka taimaka mini da ruwan sha daga kantin can? Ka yi haƙuri, na aike ka."

Ya san abin da take yi, don a littafin da ta ba su ya karanta shi: so take ta ga abin da zai faru in ba ya nan. Ya tafi. Ya ɗan jinkirta a kantin ma, ko Allah zai sa wani ya yi ƙarfin hali. Da ya dawo ya tarar da tebur fayau, kekuna a tsaye, mutum biyar suna kallon ƙofa.

"Sannu da dawowa," in ji Bahago da ƙarfi. "Ba jiranka muke yi ba."

Dakta ta karɓi ruwan ta ce su ɗan fita waje. A bencin ƙofa ya gaya mata duka, bi da bi, kamar mai ba da rahoton kayan da suka lalace a sito: hirarraki huɗu, lemo huɗu, karatun takarda.

"A gaban juna ka karanta musu?"

"A gaban juna."

"Baba, a ƙarshen bincike na ce. Kuma kowa nasa ake karanta masa, shi kaɗai."

"Na ɓoye sunaye, Dakta."

"Mace nawa ce a shagon?"

Ta dafe goshi, ta daɗe a haka. Ya kasa gane ko ciwon kai ne ko dariya take dannewa.

"Abin da na aiko ka ka duba babu shi yanzu. Ka san da haka?"

"Na sani."

"Ba zan iya sa hannu a kan tsarin da ba shugaba ba, alhali na ga shugaban ya je sayo mini ruwa."

Ya gyaɗa kai. Ya fara tunanin inda zai jera littattafan a gida, da abin da zai ce wa 'yarsa da ta riga ta fara maganar hoton ranar yaye ɗalibai.

Dakta ta kurɓi ruwa. "Tun da ka fara zaɓa musu, an yi rigima?"

"Ko sau ɗaya."

"Kowa na gama aikinsa? Ba wanda ya ce ka fifita wani?"

"Babu."

Ta juyo ta fuskance shi sosai, ta ɗauko biro. "To kai yaya kake sanin wanda za ka duba?"

Ya buɗe baki. Sai a lokacin ya ga bai taɓa tunanin abin ba. Idonsa dai yakan je inda ya je. Wataƙila gwiwar Bahago ce, wataƙila yadda Gwaggo ke murza bakin yadi in ta ƙosa, wataƙila kuma...

"Kada ka amsa!"

Gwaggo ce, a bakin ƙofa, da dutsen guga a hannu. Sauran ukun na bayanta, ba su ko yi ƙoƙarin nuna cewa ba saurare suke yi ba.

"Baiwar Allah, ki yi wa girman Allah," ta ce wa Dakta. "Da irin wannan tambayar aka rusa mana shago. Da muna zamanmu lafiya, kowa na ganin shi ne mai kirki. Yanzu ɗan abin da ya rage mana yana cikin kan tsohon nan, shi ma bai san yadda yake yi ba. In ya faɗa, ya ji da kunnensa, shi ke nan mun koma yanka a siminti."

"Gwiwata ba za ta ɗauka ba, 'yata," in ji Bahago.

Dakta ta riƙe biro, ta zuba wa Baba ido, ta yi shirun da take koyarwa. Baba ya yi shiru. Telolin suka yi shiru. Wani mai babur ya wuce, wata mata ta leƙo ta tambayi ko an gama rigarta, ba wanda ya kula ta, ta tafi. Dakta ta iya shiru, amma Baba ya girme ta a wannan sana'ar da shekaru masu yawa. Ita ta fara sauke ido.

Ta zaro takardar daga jaka, ta soke taken binciken da layi ɗaya, ta yi rubutu a samansa.

"Za ka rubuta yadda tsarin yake a da, gwargwadon abin da ka gani. Sannan yadda ya mutu, da wanda ya kashe shi, da wanda ya gaje shi. Ba ragi. Babin kuskuren nan ina so ya fi kowane tsawo, zan ba 'yan aji mai zuwa su karanta."

"Da sunana?"

"Za mu ɓoye. Mu ce wani ɗalibi mai furfura." Ta sa hannu, ta miƙa masa. "Kundin ya iso ofishina kafin ƙarshen zango. Zai fi kyau ka bar zuwa nan haka, ka zauna a gida ka rubuta."

"Ya bar zuwa ina?" in ji Mai Tabarau.

Dakta ta dubi dattijon, ta dubi sauran, ta rataya jakarta. "Wannan kuma tsakaninku ne. Ni kallo kawai na zo yi."

Bayan ta tafi, Baba ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya dafa ta ya ji tana nan. Ya koma ƙuryarsa. Ya dubi Mai Tabarau, dattijon ya miƙe da yadinsa, kekuna suka tashi.

Kundi guda zai rubuta, kuma a shagon nan zai rubuta shi, tunda ba halin fita. Ya dubi teburin: mai faɗi, mai santsi, ga haske daga ƙofa yana sauka a kansa daidai. Ko rabin sa'a a rana zai ishe shi. Ya waiga ya ga wanda zai roƙa, ya tarar duk shi suke kallo, Bahago har ya ɗan ɗaga daga kujera da siket a hannu. Ya jawo littafinsa, ya buɗe a kan gwiwa.